Ga 'ya'yana masu gasar kacici-kacici



Idan bikin 'yancin kai ya ƙarato, malaman tarihi sukan raba aji gida biyu ko uku, su ja layi a allo, su ce yau babu darasi, kacici-kacici za a yi a kan zuwan Turawa da tafiyarsu. Ina son wannan wasa ƙwarai, kuma ina so ku ma ku so shi. Yaron da kullum gyangyaɗi yake yi a bencin baya, ran nan za ka gan shi tsaye, hannu a sama, yana "Malam ni! Malam ni!" Yarinyar da ba a cika jin muryarta ba, sai ga ta ta sunkuya tana raɗa wa shugaban rukuninsu amsa, shi yana ɗari-ɗari, malam kuma yana ƙirga lokaci yana ƙwanƙwasa tebur da guntun alli. Amsa ta fito daidai, aji ya kaure da tafi, a ƙara maki biyu. Abin da aka koya cikin irin wannan farin ciki yakan daɗe a ka.

Sai dai wasan yana da halinsa. Gajeriyar amsa yake so, wadda za a faɗa kafin lokaci ya cika. Yaushe Turawa suka ci Sakkwato? 1903. Wa ya haɗe Kudu da Arewa? Gwamna Lugga, a 1914. Wane ne Firayim Minista na farko? Abubakar Tafawa Ɓalewa. Duk daidai ne, ku haddace su da kyau. Amma kowace amsa irin wannan marfin tukunya ce. Roƙona gare ku shi ne, idan an tashi daga aji, ku ɗaga marfin ku ga abin da ke ciki.

Mu ɗauki 1903 ɗin. A watan Fabrairu aka ci Kano, lokacin Sarki Alu yana Sakkwato. A kan hanyar dawowa rundunar Kano ta gamu da sojojin Turawa a Kwatarkwashi, inda Waziri Ahmadu ya yi shahada. Alu kuwa aka kama shi, daga bisani aka kai shi Lakwaja, can ya rasu nesa da gida. Ranar 15 ga Maris aka gwabza a filin Giginya a bakin Sakkwato, dawakai da masu da kibau suna fuskantar bindiga mai ruwa. Ba a daɗe ba aka watse.

To, a nan ne nake so ku ɗan tsaya, domin bayan yaƙin manyan mutane biyu sun rabu hanya. Sarkin Musulmi Attahiru ya ga cewa zama ƙarƙashin Nasara ba ya yiwuwa, sai ya ɗauki hijira ya nufi gabas. Duk garin da ya ratsa mutane suka riƙa bin sa, manoma da malamai da mata da goyo, sun bar gidaje da gonaki ga damina tana shigowa. Turawa suka bi sawunsu har Burmi, a ƙasar Gombe ta yanzu, inda aka kashe shi tare da jama'a masu ɗimbin yawa ranar 27 ga Yuli. Ɗansa Mai Wurno ya ci gaba da sauran mutane har Sudan, kuma garin da suka zauna a bakin kogi yana nan har gobe da sunansa, jikokinsu suna cikinsa. Shi kuwa Waziri Buhari ya tsaya tare da waɗanda ba su da ƙafar gudu. Ya yi shawara da malamai, ya dawo Sakkwato ya yi sulhu da Turawa a kan ba za a hana salla da addini ba, daga baya kuma ya rubuta dalilansa domin na baya su karanta, alamar abin ya dame shi ke nan.

Wanne ne ya yi daidai? Wannan tambaya ba a ba ta maki biyu. Ni zuciyata takan bi Attahiru duk lokacin da na tuna Burmi. Amma idan na tuna tsofaffi da marasa lafiya da yaran da aka bari a gari, bakina ba ya iya zargin Waziri. Kada ku yi gaggawar kiran wani matsoraci ko maci amana alhali kuna zaune a inuwa, shi kuwa ya yanke hukuncinsa ne hayaƙin bindiga bai gama washewa ba. Ku riƙe wannan ranar ta 15 ga Maris, za ku sake gamuwa da ita: ita ce ranar da Jihar Arewa ta karɓi mulkin kanta a 1959. Yaron da ya san labarin Giginya ba sai ya wahala wajen haddace ta biyun ba.

Haka nan idan an tambaye ku wa ya raba Afirka, za ku ce taron Balin na 1884 zuwa 1885, malam ya karɓa. Amma a can ƙa'idar rabon kawai aka shimfiɗa. Layin da ya bi tsakanin Illela da Birnin Ƙwanni, ko tsakanin Jibiya da Maraɗi, daga baya Ingila da Faransa suka ja shi. A yarjejeniyar 1898 an zana da'ira ta mil ɗari kewaye da Sakkwato, Faransawa suka ga an bar su da hanyar da ba rijiyoyi, suka yi ta ƙorafi har aka gyara a 1904 domin su sami hanya mai ruwa zuwa Damagaram. Ba a tambayi ko mutum ɗaya daga cikin masu shan ruwan rijiyoyin ba. Shi ya sa za ka ga goggo tana ƙasa ɗaya, baffa yana wata, ɗan wannan yana karatu da Ingilishi, ɗan waccan da Faransanci. Ina jin takaici idan na ga ɗalibi a Katsina bai taɓa jin labarin Sarauniya Mangu ta Lugu ba, wadda ta tsaya wa rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a 1899, rundunar da ta ƙone Birnin Ƙwanni ta karkashe mutanensa. Haka idan na ga ɗalibi a Tawa bai san Satiru ba, ƙauyen da ya yi tawaye a 1906 aka shafe shi daga doron ƙasa. Labari ɗaya ne, 'ya'yana. Ku roƙi malamanku su riƙa sako tambayoyin ƙetaren iyaka: 'yancin Nijar na 3 ga Agustan 1960 da Diori Hamani, da Djibo Bakary wanda jam'iyyarsa ta Sawaba ta ce a'a ga Faransa a ƙuri'ar 1958, aka kayar da ita, aka kuma haramta ta.

Akwai wani ɓangare da gasar ba ta cika taɓawa ba, ga shi kuwa shi ya fi kusa da gidajenku. Talaka bai cika ganin Turawan mulki irin su Razdan ko Di'o ba. Abin da ya sani shi ne En'e: hakimi da dagaci da mai unguwa da ɗan doka, da takardar haraji wadda magidanci yakan ninke ta ƙanana ya cusa a cikin hula ko ya ɗinke ta a fata kamar yadda ake yi wa abu mai daraja, domin idan aka tare shi a hanyar kasuwa babu ita, ranar ta ɓaci. Bafulatani ya san jangali, ana ƙirga masa shanu kai da kai. Saboda kuɗin haraji mutane suka duƙufa noman gyaɗa da auduga, jirgin ƙasa da ya iso Kano a 1911 yana kwashewa zuwa teku, har aka yi dalar gyaɗar da kuke gani a hotuna. Lokacin yaƙin Hitila an ɗebi mutane da ƙarfi daga ƙauyuka zuwa haƙar kuza a Jos, sanyi da yunwa suka kashe da yawa, wasu kuma aka sa musu kaki aka kai su dazukan Bama. Harajin nan ma bai tafi tare da Turawa ba. A Kano da Kaduna sai a 1979 aka soke shi.

Wannan ilimi yana zaune a zaurenku, a kan buzu ko tabarma. Waɗanda suka ga 1960 da wayonsu yanzu sun haura shekara saba'in, kuma kullum raguwa suke yi. Ku je ku durƙusa ku gaida Kaka, ku ce, "Kaka, ranar da aka ce an sami mulkin kai, kina ina? Me kuka ci? Wa ya gaya muku?" Wataƙila ta ce a rediyon gidan hakimi aka ji, wataƙila ta ce ita ba ta ga abin da ya sauya ba sai da aka jima. Kada ku gyara mata shekara idan ta ce "shekarar da aka yi fara" ko "bayan zuwan Sarauniya". Ku rubuta yadda ta faɗa, daga baya ku nemi lissafin. Sarauniyar Ingila ta zo a 1956, kun ga kun sami bakin zaren.

Game da 'yancin kan shi kansa, ku sani ba kyauta aka miƙo ba, kuma masu nemansa ba bakinsu ɗaya ba. A 1953 Anthony Enahoro ya kawo ƙudurin a ba da mulkin kai a 1956. Sardauna Ahmadu Bello da mutanensa suka ce a jira lokacin da ya dace, domin suna ganin Arewa ba ta da isassun 'yan boko da za su riƙe ofisoshi. Rai ya ɓaci, har aka yi tarzoma a Kano a watan Mayu na shekarar, aka rasa rayuka. A cikin Arewar ma akwai 'yan NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950, su Malam Aminu Kano da Sa'adu Zungur, masu cewa tafiyar Bature ba ta isa ba idan talaka zai ci gaba da shan bulalar En'e. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri da duka a kan wannan. Ku 'yan mata musamman, ku riƙe sunanta, ku kuma sani cewa ranar da aka ɗaga tuta mai kore da fari, matan Arewa ba su da ikon jefa ƙuri'a. Sai a 1979 suka zaɓi shugaban ƙasa. Kuma kada ku ɗauka gwagwarmayar ta yanki ɗaya ce: matan Aba sun tashi a kan haraji a 1929, an harbe masu haƙar kwal a Inugu a 1949. Duk naku ne.

Sauran maganata a kan zaman rukuni ce. Wanda Allah ya ba kaifin hadda, kada ya cinye duk tambayoyin. Ya juya ya tambayi na kusa da shi, sau da yawa amsar tana bakin mai kunya. Idan ɗan rukuninku ya ce 1963 a inda ake neman 1960, kada a yi masa ihu. Bai yi nisa ba, shekarar da Nijeriya ta zama jamhuriya ya tuna, ku nuna masa bambancin a hankali. Idan tambaya ta faɗo a kan shugaban wani yanki, a kan Azikiwe ko Awolowo ko Sardauna, kada wasa ya koma gori tsakaninku da ɗan ajinku da iyayensa suka zo daga wani wuri. Idan kuma kuna ganin malam ya yi kuskure wajen ba da maki, ku bari a tashi, ku same shi da littafinku cikin ladabi.

In an sake shirya wata gasar, ku nemi izini kowane rukuni ya kawo tambaya ɗaya da ya samo da kansa, daga bakin tsoho ko daga tarihin garinku: wane ne hakimi lokacin da Turawa suka iso, ina aka gina makarantar boko ta farko, wa ya je Bama ya dawo. Wanda ya kawo tambayar shi zai tsaya gaban aji ya ba da labarin da ke bayanta, ko da na minti biyu ne, ya kuma faɗi wanda ya gaya masa.

Allah ya yi muku albarka, ya buɗa muku ƙwaƙwalwa, ya ba mai rabo sa'a.