Yadda Ake Gwada Niyutiron a Cikin Kwamfuta Kafin a Gina Na'ura

A darasin kimiyya an koya mana cewa ƙwayar zarra tana da firoton da ilaktiron da niyutiron. Yau kan niyutiron zan yi magana. Wani Bature ɗan Ingila, James Chadwick, shi ya gano shi a 1932.

Niyutiron ba shi da cajin lantarki, don haka yana kutsawa cikin ƙarfe ko dutse. Masana suna harba shi kan abin da suke son bincika, sai ya bugi ƙwayoyin zarra ya watse. Daga inda ya dosa bayan ya watse, suna gane yadda cikin abin yake ba tare da sun fasa shi ba. Na'urar da ke wannan aiki tana da dogon bututu mai madubai na musamman. A wata cibiya da ake ginawa a garin Lund na ƙasar Suwidin, tsawon wasu ya wuce mita 100.

To, ina matsalar? Ku tuna mai sassaƙa kwalekwale a bakin tafkin Kainji. In ya sare wurin da bai kamata ba, itacen ya tafi ke nan. Haka na'urar nan take, ga ta da tsada sosai. In madubi ya karkace kaɗan, niyutiron da yawa za su ɓace a hanya.

Shi ya sa ake fara zana ta a kwamfuta. Manhaja irin su McStas, wadda aka ƙirƙira a Denmak, tana sakin niyutiron na kwaikwayo, miliyoyi, ɗaya bayan ɗaya. Duk inda ɗaya ya bugi wani abu, kwamfuta za ta yi masa ƙuri'a: zai wuce, zai karkata, ko za a haɗiye shi? A ƙarshe a ƙirga nawa suka isa. In sun yi kaɗan, a gyara zanen a sake. Ana kiran dabarar Monte Carlo, sunan wani gari da ya shahara da caca. Ni dai sunan bai burge ni ba, amma dabarar ta yi.

Kada ku ce abin na Turai ne kawai. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya akwai ƙaramar tukunyar nukiliya mai suna NIRR-1, ƙirar ƙasar Sin, da ta fara aiki a 2004. Ƙarfinta a lokacin kilowat 30 ne, kamar dutsen guga talatin, alhali madatsar Kainji an tsara ta don megawat 960. Ba wuta take bayarwa ba. Niyutiron ɗinta ake haska wa ƙasa ko dutse ko abinci don a san sinadaran da ke ciki.

Man da ta fara da shi yuraniyom ne da aka tace zuwa kashi 90 cikin ɗari, irin wanda za a iya haɗa bam da shi in ya faɗa hannun miyagu. Aka yanke shawarar canza shi da mai kashi 13. Amma tukunyar za ta ci gaba da aiki lafiya da sabon man? Masanan Zariya da na Amurka sun lissafa wannan da wata manhajar Monte Carlo mai suna MCNP tun kafin a taɓa komai. A 2018 aka yi canjin, aka mayar wa Sin tsohon man.