Yadda Ake Sanar da Yaran Shago Tallan da Maigida Ya Saki

Idan azumi ya raba tsakiya, masu atamfa da shadda da leshi a Kantin Kwari na Kano sukan shiga gasar talla. Wani ya biya kuɗin sanarwa a Freedom Radio, tashar da ta fara aiki a 2003. Wani ya ɗauki ɗan fim ɗin Kannywood ya ɗaga masa turmi a TikTok, wani kuma ya tsaya kan hotunan da yake sawa a WhatsApp. Sai ga hajiya ta taso daga Haɗeja ko Maraɗi saboda ragin da ta ji, yaron shago kuma ya ce mata, "Wallahi Hajiya ban san da maganar ba, sai Alhaji ya zo." Ba za ta jira ba, shago na gaba za ta shiga, kuɗin tallan kuma ya tafi a banza.

Gyaran yana farawa tun kafin tallan ya fita. Maigida yakan tara kowa da safe, bayan an buɗe an share, kafin kasuwa ta cika. Minti goma ya isa. Ba masu sayarwa kaɗai ake kira ba, har da mai riƙe da POS, da mai ɗauko kaya daga sito, da mai kai saƙo tasha, domin su ma ana tare su a hanya a tambaye su.

A wannan zama ake faɗin wane kaya aka yi wa ragi, nawa yake jiya, nawa ya koma, yaushe ragin zai fara kuma yaushe zai ƙare. Daga nan sai maganar da ta fi kowace muhimmanci a kasuwar da ake taya kaya: ina ne iyakar da yaro zai sallama, ina kuma zai ce albarka? Mai saye da ya ji an yi ragi ba ya fasa tayawa ƙasa da farashin da aka sanar. Yaron da ba a yanke masa iyaka ba, ko dai ya ƙi sallamawa don tsoron faɗa, ko ya sallama har uwar kuɗi ta taɓu. Haka nan a fayyace masa ko 'yan sari suna cikin ragin, da turmi nawa mutum ɗaya zai iya ɗauka, don kada dillali ya kwashe kayan da hantsi ya bar waɗanda aka yi tallan dominsu.

Sannan a kunna musu tallan kansa, su ji da kunnensu. Kalmomin da mai sanarwa ya faɗa a rediyo su ne mai saye zai zo yana maimaitawa.

Bayan taro, maigida ya maimaita bayanin da murya a zauren WhatsApp na shagon. Saƙon murya ya fi rubutu amfani a nan, don ba kowane yaro ne ya yi nisa a boko ba, kuma wanda aka aika tasha zai saurara a hanya. Hoton da aka sa a sitatus yana ɓacewa bayan awa 24, saboda haka a tura kwafinsa cikin zauren. Shagon da ke amfani da WhatsApp Business, wanda ya fito a 2018, sai mai riƙe da wayar shago ya gyara farashin da ke jerin kayan a ranar. Takarda ɗaya mai manyan lambobi a manne kusa da teburin kuɗi tana raba gardama da yawa.

Labari kuma dole ya riƙa dawowa daga ƙasa zuwa sama. A umarci yara su tambayi duk baƙuwar fuska, "Hajiya, a ina kika ji labarinmu?" su ja layi a bayan littafin ciniki: rediyo, TikTok, ko bakin wata. A ƙarshen mako, bayan an rufe, a zauna a ƙirga. Nan maigida zai gane inda kuɗinsa ke aiki, ya kuma ji launin da ake ta nema babu. Yaron da ya fi kawo ciniki a ba shi la'adarsa a gaban 'yan uwansa, hakkinsa ne.

Idan kayan ragin suka kusa ƙarewa, mai sito ya faɗa tun da saura, domin a tsayar da sanarwar. Dokar kare masu saye ta tarayya ta 2018 ta hana tallan da ke yaudarar mutane, kuma kiran jama'a zuwa kayan da babu su yana iya faɗawa cikin wannan. Ranar da wa'adi ya cika, maigida ya sake tura murya a zaure, a cire takardar bango, a mayar da tsohon farashi a waya kafin a buɗe shago washegari.