Masu Barin Nama da Masu Cewa Sam: Abin da Nake Gani a Wurin Aiki

Aikina tsara wa marasa lafiya abinci ne. Likita zai duba mutum ya rubuta masa magani, sai ya turo shi sashenmu mu zauna mu yi lissafin abin da zai riƙa kaiwa bakinsa: mai ciwon sukari, mai hawan jini, mai ciwon ƙoda, yaron da tamowa ta kama. A 'yan shekarun nan wata tambaya ta shigo layi wadda a da ba ma jin irinta: "Malama, ina so in bar nama gaba ɗaya, har da kifi da ƙwai da madara, da matsala?" Yawanci matasa ne, 'yan jami'a, ko waɗanda suka dawo daga karatu a waje, ko wanda wani bidiyo a YouTube ya taɓa masa zuciya. Kuma da wuya ka ga ɗaya daga cikinsu da babu uwa ko miji ko mata a gida da ke cewa sam ba za ta saɓu ba.

Tsarin da suke nufi shi ne wanda ake kira bigan: ba nama, ba kifi, ba ƙwai, ba nono, ba man shanu, wasu har zuma ba sa sha. Ya bambanta da na yawancin masu barin nama a Indiya, domin su suna shan madara suna cin man shanu. A Ingila aka kafa ƙungiyar farko ta masu wannan ra'ayi a shekarar 1944, wani mutum mai suna Donald Watson na cikin jagororinta, kuma abin da ya motsa su tausayin dabba ne, maganar lafiya daga baya ta yi ƙarfi. Amma kada a ɗauka Turawa kaɗai suka san wannan hali. Kiristocin cocin gargajiya na Habasha sun daɗe suna ƙaurace wa duk abin da ya fito daga dabba a ranakun Laraba da Juma'a, da kuma azuminsu na kwana 55 kafin Ista. Sai dai su na ɗan lokaci suke yi, ba na har abada ba, kuma wannan bambanci yana da muhimmanci ga jiki.

Masu zuwa wurina da dalilin lafiya sun fi yawa, kuma ba a banza suke magana ba. A shekarar 2015 sashen binciken ciwon daji na Hukumar Lafiya ta Duniya ya sanya naman da aka sarrafa, irin su tsiran Turawa da naman gwangwani da busasshen nama mai gishiri, cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon dajin hanji. Suka ce cin giram 50 na irinsa a kullum yana ƙara haɗarin da kashi 18 cikin ɗari. A lura da kyau, a kullum aka ce. Ba ana maganar kilishin tsaraba da ake kawo maka sau ɗaya a wata ba. Akwai kuma dogon bincike da jami'ar Loma Linda a Amurka ta yi a kan mutane kusan 96,000 mabiya wata ɗarikar Kirista da ke kwaɗaitar da barin nama, inda aka ga waɗanda ba sa cin nama sun fi ƙarancin teɓa da ciwon sukari da hawan jini. To amma waɗannan mutane yawancinsu ba sa shan taba, ba sa shan giya.

Abin da nake gani da idona ya yi daidai da haka. Magidancin da kullum dare sai ya tsaya wurin mai tsire ya kora da lemon kwalba, in ya bar wannan ya koma wake da kwaɗon zogale da kayan marmari, sukarinsa yana sauka, tumbinsa yana raguwa. Sai ya ce barin nama ne ya warkar da shi. Ni kuwa na san rabin nasarar daga lemon kwalbar da ya bari ne, da kitsen, da cin dare, da kuma ganyen da ya shigo kwanonsa.

Wasu kuma ɗumamar yanayi suke kawowa. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a 2013 cewa kiwon dabbobi yana da kashi 14.5 cikin ɗari na iskar da ɗan Adam ke fitarwa mai ɗumama duniya. Saniya, ko ta Birazil ko ta rugar Fulani, tana fitar da wannan iska in tana tuƙa. Amma ban yarda a ɗora wa mutumin da yake ganin tsoka biyu a miya ranar Juma'a nauyin da ya kamata a ɗora wa masu sare dajin Amazon don kiwon shanu ba. Dalilin da na fi ganin girmansa shi ne na tausayi. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake cusa shanu a tirela daga Arewa zuwa Legas, ko kajin da aka ɗaure ƙafafu aka rataye a babur kai a ƙasa cikin zafin Afirilu, ya san masu wannan ƙorafi ba mahaukata ba ne. Addininmu da kansa ya yi umarni da kyautata wa dabba har a wajen yanka.

Masu cewa sam su ma suna da hujja, kuma matasan nan sukan raina ta. Ta farko addini ce: yaya za ka ƙi abin da Allah Ya halatta, ga layya, ga ragon suna? Ni ba malamar addini ba ce, amma malaman da na tambaya sun bambanta abu biyu: mutum ya bar cin halal don ra'ayinsa ko lafiyarsa, da kuma ya ce abin haramun ne ko masu ci azzalumai ne. Na farko babu laifi, na biyun ne ake gudu. Hujja ta biyu ta fi wuyar warwarewa, domin nama a wurinmu mutunci ne. Baƙo ya zo a yanka masa kaza. Mai jego a yi mata kauri da farfesu. Ka je gaida surukai a kawo maka dambun nama ka ce ba ka ci, sai ka shekara kana ba da haƙuri. Sannan ga talauci. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kashi 57 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara biyar a Arewa maso Yamma sun tsumbure, kuma kashi 58 cikin ɗari na matan ƙasar masu shekarun haihuwa suna da ƙarancin jini. Wanda ya tashi a gidan da ake yanka tsoka ɗaya gida huɗu, in ka zo masa da wa'azin barin nama, gani zai yi ba'a kake masa.

Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Ni ba na tura kowa, ba na hana babban mutum mai lafiya. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami abu ɗaya ne da ɓangarorin biyu ba sa zancensa, suna can suna gardamar ƙarfi da tsoka.

Wata Hajiya ta kawo mini 'yarta ɗalibar jami'a. Yarinyar ta fi shekara biyu ba ta taɓa wani abu na dabba ba. Ta zauna tana murza tafin ƙafarta da hannu, ta ce ji take kamar ana tsira mata allura, wani lokaci kuma takalmi ya zame daga ƙafarta ba ta sani ba. Gajiya, mantuwa, karatu ba ya zama. Na ce ta buɗe baki: harshen ya yi ja, ya yi sumul, duk 'yan ƙurajen nan na samansa sun shafe. A gida an riga an yi rubutu an yi hayaƙi, ana zaton iska ce. Da na tambayi abincinta a makaranta, sai ga biredi, shayi ba madara, taliyar leda, soyayyen dankali.

Uwar ta ce, "Likita, don girman Allah ki sa baki, ko ƙwai ɗaya ne ta riƙa ci."

Yarinyar ta sunkuyar da kai ta ce, "Umma, wallahi ba taurin kai ba ne, ba zan iya haɗiyewa ba."

Na ce, "Hajiya, a kwantar da hankali. Ba sai ta ci ba, amma akwai abin da dole ta sha."

Gwajin jini ya nuna bitamin B12 ɗinta ya yi ƙasa ƙwarai. Likita ya rubuta mata allurai, muka sake mata tsarin abinci. Abin da ya fi damuna shi ne irin wannan harshe da irin wannan ƙafa ina ganinsu wurin matan karkara masu shayarwa da ba su taɓa jin sunan bigan ba, waɗanda tsada ce ta raba su da nama da nono. Jiki ba ya tambayar dalilin da ya sa abu bai iso masa ba.

Wannan bitamin ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani suke yin sa, dabba ta tara shi a jikinta, mu kuma mu same shi a nama da hanta da kifi da ƙwai da nono. Babu shi yadda za a dogara a zogale, ko daddawa, ko awara, ko dabino, duk abin da za a faɗa muku a Facebook. Abin da babba ke buƙata a rana bai taka kara ya karya ba, maikurogiram 2.4 kacal, amma da shi ake gina jini kuma da shi ake kare jijiyoyi. Hanta kamar rumbu take, tana ajiye na shekaru, shi ya sa mutum zai bar nama ya yi shekara biyu ko uku garau yana cika baki, alhali ana ɗiba ba a zubawa. Wani abin kuma, ganye da wake suna cike da wani bitamin ɗin da ake kira folik, wanda kan rufe alamar ƙarancin jinin, sai awon jini na yau da kullum ya fito lafiya lau yayin da jijiyoyi ke lalacewa. In aka yi jinkiri, wata ɓarnar ba ta gyaruwa. Maganin kuwa ƙwaya ce mai araha da ake samu a kemis. Masu ciwon sukari da suka daɗe a kan metformin su ƙara kula, domin maganin da kansa yana rage shigar wannan bitamin cikin jiki.

Maganar furotin, wato abin gina tsoka, da iyaye suka fi tsoro, ita ce mafi sauƙi a ƙasar Hausa. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen noman wake, Nijar na biye da ita, wanda ya shiga kasuwar Dawanau ya gani. Abin da gero da dawa da shinkafa suka gaza a kai, wake yana cike shi, abin da wake ya gaza, hatsi ya cike. Shinkafa da wake, ƙosai da koko, alale, ɗanwake, tuwo da miyar gyaɗa, gurjiya, ƙuli-ƙuli, awara: kakanninmu sun gama wannan lissafi tun kafin a haifi masu bidiyo. Ba ma sai an haɗa su a kwano ɗaya ba, in dai an ci a yini guda.

Sinadarin ƙarfe mai ƙara jini yana nan a wake da ganye, amma jiki ba ya zuƙarsa da sauƙi kamar na nama. A matsa lemon tsami a kwaɗo, a sa ɗanyen tumatir, a ci goba ko lemon zaƙi bayan abinci. A jiƙa wake kafin dafawa. Shayi kuwa a ba shi tazarar awa guda da abinci, don yana tare hanyar. Ƙashi ma a tuna da shi: wani bincike na jami'ar Okusfod da aka fitar a 2020 ya gano masu tsarin bigan a Ingila sun fi masu cin nama samun karaya da kashi 43 cikin ɗari. Wanda ya bar fura da nono da kindirmo sai ya matsa wa riɗi da zogale da kuka. Kada ya dogara da awara a nan, domin tamu da ruwan tsami ko tsamiya ake yawan haɗa ta, ba ta kai wadda ake haɗawa da sinadarin ƙashi a wasu ƙasashe ba.

Inda nake taka burki shi ne mai ciki, mai shayarwa, da ƙaramin yaro. Jaririn da uwarsa ba ta da B12 an haife shi ba ajiya, nonon da yake sha ma babu, cikin 'yan watanni sai a ga ya yi laushi, ya daina murmushi, ya kasa zama, kuma ƙwaƙwalwa ce ke biyan bashin. Cikin yaro ɗan wata takwas ƙarami ne, kunu da ganye suna cika shi tun bai sami abin da yake buƙata ba, ƙwai ɗaya ko ɗan kifi ko hanta da aka niƙa suna yin aikin da kofi uku na kunu ba za su yi ba. Madarar waken suya da ake yi a gida ba ta maye gurbin nonon uwa. Iyayen da suka dage sai ɗansu ya bi tsarinsu, to su yi shi tare da ma'aikacin lafiya, da awon nauyi a kai a kai da ƙarin bitamin, ba da shawarar waya ba.

Wanda ya riga ya daɗe da barin kayan dabba, ko da gangan ko don babu, kuma yana jin tsira-tsira a ƙafa ko hannu, ko jiri, ko harshe na masa zafi, ya je asibiti ya faɗa wa likita ainihin abin da yake ci, ya nemi a auna masa B12 da sunansa, domin ba ya cikin awon jinin da aka saba yi. Kada ya sayi ƙwayar folik shi kaɗai ya fara sha da sunan maganin ƙarin jini kafin a yi wannan gwaji.