Kaluluwar Da Yakushin Kyanwa Ke Jawowa

Uwargida, in kina ajiye kyanwa a gida saboda ɓeraye, wannan darasi naki ne. Akwai wani ciwo da ba a cika ganinsa ba, wanda ƙwayar cuta mai suna Bartonella ke kawowa. Ƙuma ce ke yaɗa ta tsakanin kyanwoyi. Kashin ƙumar ya maƙale a farce, kyanwa ta yakushi yaro, shi ke nan ta shiga. 'Ya'yan kyanwa da ba su kai shekara ba su suka fi ɗauke da ita, su ne kuwa yara suka fi ɗauka suna wasa da su.

Bayan kwana 3 zuwa 10 sai ɗan ƙurji ya fito a wurin yakushin, wanda ba lallai ki lura da shi ba. Cikin mako 1 zuwa 3 kuma kaluluwa ta taso: in a hannu aka yakushe shi, a hammata, in a ƙafa, a matsematsi, in a fuska, a wuya. Wani yaron har da zazzaɓi da kasala.

To 'yar'uwa, nan ne ake yin ɓarna. Don Allah kada ki bari a kira wanzami ya yi sakiya. Tsaga irin wannan kaluluwa kan bar gyambo mai tsiyayar ruwa wata da watanni. Ki kai shi asibiti, kuma ki faɗa wa likita maganar kyanwar ko bai tambaya ba, don rabin gano ciwon ke nan. Zai iya sa a gwada jini, ko a zuƙi ruwan kaluluwar da allura, saboda tarin fuka ma yana kumbura kaluluwar wuya, haka ma ciwon daji, kuma maganinsu daban ne.

Galibi kumburin yana sacewa da kansa cikin wata 2 zuwa 4. Likita kan rubuta Azithromycin na kwana 5, ke kuma ki riƙa gasa wurin da tsumma mai ɗumi. In ido ya yi ja, ko yaro ya suma, ko mai ciwon yana ɗauke da cutar ƙanjamau, ku koma asibiti a ranar.

Ba sai kin kori kyanwar ba. A nema mata maganin ƙuma wurin likitan dabbobi, duk wanda ta yakusa kuma a wanke wurin da sabulu nan take.