Hanyar Da Saƙo Ke Bi Daga Gunduma Zuwa Dutse

Kogin Haɗeja daga ƙasar Kano ya ke tasowa, inda Kogin Kano da na Calawa suka haɗu. Ya biyo ta Wudil da Ringim, ya ratsa ƙasar Auyo da Haɗeja, sa'an nan ya bazu cikin fadamun Kiri Kasamma da Guri. In damina ta yi ƙarfi, madatsun Tiga da Calawa suka cika, ruwan ya kan yi kwanaki a hanya kafin ya iso. Cikin waɗannan kwanaki ne a ke tsirar da hatsi da dabbobi da rayuka, muddin labari ya riga ruwa zuwa. Waɗanda suka ga ambaliyar 2020 da ta 2022 sun san abin da ke aukuwa in ruwa ya riga labari.

A zamanin En'e, takardar hakimi ɗan aike ke kai ta fada bisa doki. Tun 2001, da wayar salula ta shigo Nijeriya, aikin ya fara komawa hannun na'ura. Saboda haka ya wajaba hakimi da malaminsa su san hanyar da saƙonsu ke bi, da inda ya kan maƙale.

Na'ura ba ta san baƙi ko wasali ba, abu biyu kaɗai ta sani, watau 0 da 1. Kowane harafi yana da lambarsa. Babban harafin A, alal misali, lambarsa 65, na'ura kuwa ta rubuta shi 01000001. Irin wannan jeri na takwas shi a ke kira bayit, da shi a ke auna nauyin saƙo kamar yadda a ke auna gero da mudu. Murya da hoto duk haka a ke mai da su lambobi. Lambobin nan su ne data. In an haɗa na'urori biyu ko fiye, da waya ko ta iska, har suna iya miƙa wa juna data, an sami tsarin sadarwa ke nan. Kwamfutocin sakatariyar ƙaramar hukuma guda ƙaramin tsari ne. Intanet kuwa tsare-tsare ne masu ɗimbin yawa da suka yarda su yi magana da ƙa'ida ɗaya, mai suna TCP/IP. Asalinsa kwamfuta huɗu ne da aka haɗa a Amurka a 1969.

Yadda a ke fiton data

Wanda ya taɓa tsayawa bakin kogi da kaya masu yawa ya riga ya san rabin wannan darasi. Kwalekwale guda ba ya ɗaukar amfanin gona duka. Sai a rarraba cikin buhuna, a rubuta wa kowanne sunan mai shi da inda za shi, a sa masa lamba. Wani kwalekwale ya bi babban kogi, wani ya tarar kacala ta toshe hanya ya kewaya ta wani reshe. A can gaɓa mai karɓa ya ƙirga, ya jera bisa lamba, in ya ga na bakwai bai iso ba ya aika a sake turowa.

Haka intanet ke yi da saƙo. A kan yanyanka shi ƙananan ƙunshi, galibi kowanne bai wuce bayit 1,500 ba, da adireshin mai aikawa da na mai karɓa a jikinsa. A kowace mararraba akwai na'ura mai suna rauta, wadda ke duba adireshi ta zaɓa wa ƙunshi hanyar gaba. Ba ruwanta da abin da ke ciki. Hikimar wannan dabara ita ce hanya guda ta ishi dubban mutane lokaci ɗaya, kuma in reshe ya toshe a bi wani, in akwai shi. Wahalar ƙauye ita ce sau da yawa reshen guda ne tak.

In malamin hakimi a Auyo ya aika saƙo, wayarsa ta jefa shi ta iska zuwa turken sadarwa mafi kusa, wanda jama'a ke kira ƙarfen sabis. Daga nan ya tsallaka daga turke zuwa turke, ko ya shiga wayar faiba da ke binne a gefen hanyar mota. Faiba zaren gilashi ne siriri kamar gashi, haske ke gudu cikinsa, kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa. Saƙon tes da kiran waya na cikin gida a cibiyoyin kamfanonin waya su ke juyawa, ba su fita ƙasar. Amma saƙon WhatsApp sai ya je kwamfutocin kamfanin kafin ya sauka a Dutse, yana yiwuwa ma ya bi ta Legas, ya shiga wayar da ke shimfiɗe a ƙarƙashin teku, ya dawo. Ranar 14 ga Maris 2024 huɗu daga cikin waɗannan wayoyi suka lalace a tekun Afirka ta Yamma, aikin intanet da na bankuna ya tawaya a Nijeriya kwana da kwanaki.

Abin da ya shafi hakimi da malaminsa

Hanya tana da iyakar abin da ta ke ɗauka. Ran da ruwa ya ci gari kowa kan waya ya ke, turke guda kuwa su ke rububi. Saƙon tes bayit 140 ne kacal. Hoto guda na bayit miliyan 2 ya kai nauyin tes fiye da 14,000, bidiyo kuwa ba a magana. Bugu da ƙari, tes yana tafiya ko da sabis ya yi rauni, in wayar mai karɓa a kashe ta ke, cibiya ta ajiye shi ta sake gwadawa. Don haka malami mai lura tes ya ke fara aikawa, hoto ya biyo baya in hanya ta sarara.

Akwai wani abu da ya keɓanci mai rubutu da Hausa. Tes guda yana ɗaukar harafi 160, amma da zarar an sa harafi mai lanƙwasa, ko da ɗaya ne, kamar ɗ ko ƙ, sai ya koma 70, dogon saƙo ya rabu gida biyu ko uku. A takardar fada ba a yarda malami ya bar lanƙwasa ba. A saƙon gaggawa ya iya barinta, sai dai inda ma'ana za ta rikice, gama kafa dabam ƙafa dabam.

Na'ura tana tabbatar da ƙunshi ya isa daidai, amma ba ta tantance gaskiyarsa. Bidiyon ambaliyar bara yana gudu daidai da na yau. Saƙon hakimi ya kamata ya ɗauki sunan gari, da kwanan wata, da sa'a, da inda ruwa ya kai, da sunan dagacin da ya gani da idonsa.

Turke kuwa da wuta ya ke aiki, ta janareta ko batir ko hasken rana. In ruwa ya yanke hanya, motar mai ta kasa zuwa, sabis na iya ɗaukewa alhali turken na tsaye lafiya. Masu haƙar rami da ɓarayin batir su ma su kan kashe wa gunduma guda magana. A 2024 Gwamnatin Tarayya ta sa kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ta ba kariya ta musamman, ya kyautu dagatai da masu unguwa su san haka, su kuma san inda faiba ta bi cikin ƙasarsu.

Kafin Agusta ya kama, malami ya rubuta lambobin fada, da na ƙaramar hukuma, da na hakiman da ke sama da shi a bakin kogi, cikin littafi da tawada, tare da 112, lambar neman agaji ta kyauta. Riƙe layin kamfani biyu yana da amfani, amma fa sau da yawa kamfanonin bisa turke ɗaya su ke rataye kayansu, in ya mutu su mutu tare. Saboda haka a tanadi mai babur da mai kwalekwale, a kuma san tun da wuri garin da ke da wani turken mafi kusa.