Kabewa Na Zubar Da 'Ya'ya A Bazara? Yi Mata Barbara Da Hannunka

"Tana fure amma ba ta kamawa." Da zarar watan Maris ya raba, wannan ne kukan masu lambu a bakin kogunan Kubanni da Galma a Zariya, da masu 'yar shuka a bayan gida a Samaru da Sabon Gari. Yaɗo ya yi kore shar, furanni ruwan ɗorawa ta ko'ina, amma ɗan da ya ɓullo, tun bai kai girman lemun tsami ba sai ya yi rawaya, ya yi laushi, ya faɗi. Abin da mai gona kan fara yi shi ne ya ruga ya ƙaro yuriya. Don Allah ka dakata. Yuriya ganye take ƙarawa, in ta yi yawa ma tana jinkirta fitowar furen da ke haihuwa. Ba yunwa ke damun kabewarka ba, zafi ne ya shiga tsakanin namijin fure da macen.

Kabewa furanni iri biyu take yi a jikin yaɗo ɗaya. Namiji yana kan siririn kara mai tsawo, cikinsa akwai tsinke guda ɗaya da ke ɗauke da gari ruwan ɗorawa. Macen kuwa karanta gajere ne, kuma a gindinta za ka ga 'yar kabewa ƙarama tun kafin ta buɗe. Mazan ne ke fara fitowa, wani lokaci da mako guda ko fiye, saboda haka kada hankalinka ya tashi idan furannin farko duk suka zube, aikinsu ke nan. Sai garin namiji ya isa cikin macen sannan wannan 'yar kabewa take zama abin kaiwa kasuwa. Kuma kowane fure rana ɗaya tak yake da ita a duniya: ya buɗe da ketowar alfijir, kafin rana ta take ya rufe, shi ke nan.

A damina ƙudan zuma ne ke wannan jigila ba tare da ka sani ba, kuma sai sun ziyarci macen sau da yawa kafin garin ya wadatar. A bazara lissafin yana rikicewa. Zafin rana a Zariya cikin Maris da Afrilu kan kai digiri 35 har ya wuce, alhali kabewa tana fara wahala tun daga wajen digiri 32, musamman idan dare ma bai yi sanyi ba. Sai shukar ta yawaita maza ta rage mata, wasu matan su bushe tun suna toho. Garin namiji yana saurin mutuwa a busasshiyar iska, furen kuma yana yin yaushi da wuri. Ga feshin maganin ƙwari da ake yi wa tumatir da attaruhu a lambunan maƙwabta, wanda ke rage ƙudan zuman da suka saura. Abin da ya rage maka 'yan sa'o'i ne bayan asuba, kuma a cikinsu za ka yi aikin da kanka.

Ba sabon abu ba ne ɗan Adam ya yi wa shuka barbara. Masu dabino a Ingal da Bilma a Nijar sun gaji haka kaka da kakanni, suna hawa bishiya da furen namiji a hannu. Na kabewa ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, tunda a ƙasa take.

Aikin tun ana gobe furen zai buɗe yake farawa. Bayan la'asar, idan rana ta yi sanyi, zaga cikin yaɗon ka nemi tohon da zai buɗe gobe. Za ka gane shi: ya kumbura, bakinsa ya bar kore ya koma ruwan ɗorawa. Ka sa alama a kan macen da tsinken kara, don da sassafe ganye yakan ɓoye ta. Ka ɗaure bakinta da zare ko siririyar kaba, ɗauri sako-sako wanda ba zai yanke fure ba. Ka zaɓi maza biyu ko uku saboda kowace mace ɗaya, su ma ka ɗaure su, ko ka yanko su da karansu ka tsoma karan a kofin ruwa, ka ajiye a ɗaki mai sanyi, za su buɗe da kansu da asuba. A yammacin nan kuma ka ba shukar ruwa ta ƙoshi, a gindi, domin kabewar da ta kwana da ƙishi ita ce ta farko wajen zubar da ɗa.

Da an sallame asuba ka kama hanya. Gari na yin haske, tsakanin ƙarfe 6 da 8, shi ne lokacinka. Wanda ya tsaya karin kumallo ya iso ƙarfe 10 a watan Afrilu, ya makara. Ɗauki namiji, ka yage ganyen furen gaba ɗaya ya rage tsinken tsakiya kawai. Shafa shi a bayan hannunka: idan ya bar gari, yana da kyau, idan bai bari ba jefar da shi ka ɗauki wani. Kwance macen ka leƙa ciki. Za ka ga wani dunƙule mai ɗanko da ya rabu kashi uku, wani lokaci huɗu ko biyar. A nan ne mutane suka fi yin sake. Kowane kashi yana ciyar da nasa ɓangaren 'ya'yan da ke cikin kabewar, to idan ka shafa gefe ɗaya ka bar sauran, kabewar takan fito a karkace, gefe ɗaya ya cika ɗaya ya motse, ko ta zube gaba ɗaya. Ka bi kowane kashi a hankali, ciki da waje, kana juya tsinken a tsakanin yatsunka, har ka ga gari ya lulluɓe shi. Ka ƙara da namiji na biyu da na uku. Kada ka danna da ƙarfi, kada ka kama 'yar kabewar da ke gindi da farce, kuma kada ruwa ya taɓa cikin furen, domin ruwa yana lalata garin. Da ka gama sai ka haɗe bakin furen ka sake ɗaurewa.

Saura kariya daga rana, kuma ina ganin wannan ya kai barbarar kanta muhimmanci. Garin da ka shafa yana buƙatar sa'o'i masu yawa kafin ya tsira ya gangara cikin 'yar kabewar, kuma waɗannan sa'o'in su ne suka faɗo daidai tsakar rana. A Amurka da Kanada, inda ake gasar noman ƙatuwar kabewa, manoma kan kifa akwatin sanyaya abinci a kan furen, su jera gorunan ƙanƙara a gefensa. Su ne masu irin nan da ake kira Atlantic Giant, wanda wani manomi Howard Dill ya samar a Nova Scotia ta Kanada. A 2023 wani mutumin jihar Minnesota mai suna Travis Gienger ya kawo guda ɗaya mai nauyin kilo 1,247. Mu a nan ba sai mun nemi ƙanƙara ba, busasshiyar iskar bazara ma tana taimakonmu. Kafa 'yan sanduna huɗu, ka yi wa furen 'yar rumfa da guntun zana ko tsohuwar tabarmar kaba, tsayin kamu biyu daga ƙasa, ka rataya jiƙaƙƙen buhun algarara ta ɓangaren yamma. Yayin da buhun ke bushewa yana sanyaya iskar da ke ƙarƙashi, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa. Ka riƙa jiƙa shi da azahar har kwana uku. Ka bar gefe a buɗe iska na ratsawa. Leda kuwa kada ka kuskura ka rufa, dafa furen za ta yi. Ka shimfiɗa bambaro ko busasshiyar ciyawa a gindin shukar don ƙasa ta riƙe laima.

Bayan kwana uku zuwa biyar za ka fara ganin amsa. Wadda ta kama fatarta na sheƙi, karanta yana kauri, kullum tana ƙaruwa. Wadda ba ta kama ba za ta dushe ta yi laushi. Ko ka yi komai daidai, a ranakun da zafi ya tsananta wasu za su faɗi, saboda haka kada ka dogara da mace ɗaya. Yi wa duk wadda ta buɗe, musamman safiyar da aka tashi da gajimare, ka bar zaɓe sai bayan kwana goma.

Idan babba kake nema, a nan za ka daure zuciya ka rage. Bar ɗa ɗaya ko biyu a kowace shuka, ka fifita wanda ke kan uwar yaɗo, taku uku ko huɗu daga gindi, inda akwai ganye mai yawa a bayansa da zai ciyar da shi. Ka zuba yashi a ƙarƙashinsa don kada ya ruɓe. Sai dai shawarata, kada ka kashe kuɗinka wajen neman irin turawan nan. Zafinmu ba ya barinsa ya kai ko kusa da girman da ake gani a hoto, kuma namansa ruwa ne, ba ya yin miyar taushe. Mai yanka kabewa a kasuwar Sabon Gari abin da yake dubawa shi ne kaurin nama da jan ciki da daɗewa ba ta lalace ba, kuma irinmu na gida yana da su. Idan kabewar da ka yi wa barbara ta fito yadda kake so, ɗaura mata jan zare ka ajiye 'ya'yanta: ka san uwa, ka san uba, abin da mai dogaro da ƙudan zuma ba zai iya cewa ba. Kankana ko kokwamba ko duma da ke kusa ba sa gurɓata irin kabewa, wata kabewar ce kawai ke iya yi.

Akwai wani ƙuda da ke huda ɗanyen ɗa ya zuba ƙwai, tsutsa ta cinye shi ta ciki, mai gona ya ɗauka barbara ce ba ta yi ba. Tsaga wanda ya faɗi ka duba. In ka ga tsutsa, binne shi da zurfi, sauran kuma ka sa musu rigar tsohon gidan sauro har fatarsu ta yi tauri. Idan feshi ya zama dole, a yi shi da yamma bayan furanni sun rufe. Cutar da ta shige maka duhu kuwa, ɗauki ganyen ko ɗan ka nufi Samaru: ga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta IAR wadda ta faro tun 1922, ga NAERLS ta malaman gona, duk a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello.

Noman rani mai zuwa kuma, in Allah ya kai mu, ka yi shuka a Nuwamba ko farkon Disamba. Kabewa kan fara fure cikin mako shida zuwa takwas, sanyin hunturu ya ɗan ja mata lokaci, sai furen ya faɗo a Janairu da Fabrairu, lokacin da take yawaita mata kuma garin namiji yake jure safiya.