Cin abinci a shagon Indiyawa: abin da matafiyin Banikanni zai tambaya kafin ya sa hannu

Fataken Banikanni da Zongon Parakou da Djougou sun daɗe da wuce iyakar kasuwar Dantokpa a Kwatano. Wasu na sauka Deira a Dubai saro kaya, wasu na tafiya Umra, wasu kuma lalura ce ke kai su Delhi ko Chennai jinyar mahaifiya ko ɗa. A yawancin waɗannan wurare, abinci mai sauƙin kuɗi da ke kusa da masauki na Indiyawa ne ko na maƙwabtansu 'yan Pakistan. Ɗan shago ne mai 'yan tebura, fanka na kaɗawa, ƙamshin soyayyar albasa da kurkum na tarar mutum tun daga bakin titi.

A nan matafiya kan rabu gida biyu. Akwai wanda zai yi mako biyu yana fama da burodi da shayi da garin kwakin da ya ƙullo daga gida, ya dawo ya rame, alhali ga abinci a ƙasan benen da yake kwana. Akwai kuma wanda zai shiga ya nuna hoto da yatsa, ya ci ya ƙoshi, sannan ya kwana yana zaryar bayi, ko kuma zuciyarsa ta yi ta raya masa cewa naman nan ba a yanka shi da sunan Allah ba. Duka biyun rashin sanin abin da za a tambaya ne ya jawo musu.

Maganar nama ita ce gaba da komai. A Makka da Madina da Jidda babu abin damuwa, haka ma a ƙananan shagunan Dubai, inda hukuma ke sa ido a kan naman da ake shigowa da shi. Amma a cikin Indiya, ko a Kwatano da Legas, tambaya ta zama dole. Ƙidayar 2011 ta nuna Musulmi kusan kashi 14 cikin ɗari ne na mutanen Indiya, sama da miliyan 170, kuma mahauta da yawa a manyan birane Musulmi ne, don haka naman halal ba abu ne mai wuyar samu ba. Sai dai akwai wani salon yanka da ake kira jhatka, wanda ake sare kan dabba da sara ɗaya, shi ne mabiya addinin Sikh da wasu Hindu ke ci, musamman a Punjab da sassan Delhi. Wannan bai halatta ga Musulmi ba. Kalma biyu sun isa a raba gardama: "Halal hai?" Mai shago ba ya jin haushin wannan tambaya, kullum yana amsa ta. In ya tsaya inda-inda, sai a bar naman, a ci wani abu. Wanda ke Delhi kuma ransa ya biya da nama, ya nufi unguwannin da ke kewaye da Jama Masjid ko Nizamuddin. Kusa da Jama Masjid ne gidan abincin Karim's yake, wanda aka buɗe tun 1913. A Mumbai kuwa titin Mohammed Ali ne matattarar masu dafa abinci Musulmi.

A kula da suna ɗaya a takardar abinci, wato vindaloo. Girkin Goa ne da ya samo asali daga Turawan Fotugal, kuma a gidansa na asali da naman alade ake yin sa. Wasu shaguna na yin sa da kaza ko akuya, amma ba a cin sa sai an tabbatar. Abin da suke rubutawa mutton kuwa, a Indiya yawanci naman akuya ne. Jihohi da dama sun hana yanka saniya, saboda haka jan naman da aka fi samu na ɓauna ne.

Hanya mafi kwanciyar hankali ga baƙo ita ce shagon da aka rubuta Pure Veg a ƙofarsa. Ba nama, ba kifi, sau da yawa ko ƙwai ba ya shiga kicin ɗin, don haka tukunya da cokali ba su taɓa haɗuwa da abin shakka ba. A kan kayan gwangwani da na leda, dokar Indiya ta tilasta sa alama: koren ɗigo a cikin murabba'i yana nufin babu nama, alama mai ruwan ƙasa kuma tana nufin akwai. Shaguna da yawa sun kwaikwayi wannan a takardarsu. Bahaushe kan raina abincin da ba nama, yana ganin na marasa hali ne, amma a nan kuskure ne babba, domin gwanintar masu girkin Indiya ta fi fitowa a wake da ganye.

Kuma a nan ne mutumin Borgu ya fi na Kano sa'a, domin ya tashi da wagashi. Matan Fulani na kewayen Parakou kan ɗora madarar shanu a wuta, su tace ruwan tumfafiya a ciki, madarar ta tsinke, su kwashe farin a ƙaramin kwando ya tsane, wasu su rina shi ja da karan dafi kafin a kawo kasuwar Arzeke. Indiyawa na yin kusan irin wannan aikin, sai dai su da lemun tsami ko ruwan khal suke tsinka madarar, su matse ta a ƙyalle, su danne da nauyi har ta yi tauri. Sunansa paneer. Ba ya narkewa a wuta, ana soya shi ana jefa shi a miya, yana shan romo. Duk wanda ya taɓa cin sakwara da miyar wagashi a Parakou zai gane palak paneer da cokalin farko, domin alayyafo ne aka markaɗa aka saka gutsattsarinsa a ciki. Wannan shi ne abin da ya dace baƙo ya fara da shi, tare da dal, wato romon ƙananan dangin wake, da roti mai zafi ko farar shinkafa.

Sauran kayan ma ba baƙi ba ne. Bhindi kuɓewa ce, sai dai soya ta suke yi har yauƙin ya mutu. Miyar sambar ta kudancin Indiya da tsamiya ake yin ta, kuma dogayen sandunan da ake gani a ciki 'ya'yan zogale ne, ana tsotse cikinsu a ajiye ɓawon a gefe. Dosa da idli daga ƙullun shinkafa da wake ake yin su, a bar shi ya kwana ya tashi, mai son sinasir da masa ba zai sha wuya da su ba. Ita kanta shinkafar, tashar jiragen ruwan Kwatano na cikin manyan ƙofofin da shinkafar Indiya ke bi ta shigo Afirka ta Yamma. Kashun da ake tsinta a gonakin Tchaourou da Parakou da Djougou kuwa, shekara da shekaru Indiya ta kasance cikin manyan masu sayensa, kuma shi ake niƙawa a kaurara miyar korma. Wannan batu na da muhimmanci ga wanda jikinsa ba ya karɓar kashu ko gyaɗa, domin ba a ganin sa a cikin miyar. Irin wannan mutum ya faɗa tun kafin a ɗora, ya guji duk wata miya fara mai kauri.

Batun yaji ya fi tsorata mutane, amma ba shi ne ya fi kayar da su ba. Mutumin da ya saba da tankwar Parakou ba ƙaramin barkono ke razana shi ba. Duk da haka akwai abin da ya kamata a sani game da yadda ƙaramin shago ke aiki. Tun da safe ake dafa uwar miya a babbar tukunya, albasa da tumatir da kayan ƙamshi, in an yi oda sai a ɗebo a ƙarasa a kasko. Wanda ya ce "kam mirchi", wato a rage barkono, abin da za a ƙara a kasko kawai zai ragu, na cikin tukunya yana nan. Don haka dabarar tana wurin zaɓe. Korma da dal da butter chicken masu sauƙi ne. Duk abin da aka jingina wa sunan Andhra ko Chettinad ko Kolhapuri, wuta ne. In baki ya ɗauka, ruwa ba ya kashe shi, saboda sinadarin da ke cikin barkono ba ya narkewa a ruwa. Nono ne maganinsa: a nemi raita, kindirmo ne da yankakken kokwamba, ko a kurɓi lassi, wato damammen nono.

Abin da ke ɓata ciki a kwanakin farko shi ne maiƙo da ruwa. Miyar arewacin Indiya cike take da man shanu da kirim, ga wake safe da yamma, cikin da bai saba ba sai ya kumbura. A fara da kaɗan, miya ɗaya da dal, a bar biryani da soye-soye sai jiki ya daidaita. Ruwan jug da ke kan tebur a bar shi, a sayi na gora, a duba murfin ba a taɓa buɗe shi ba. Ƙanƙara a cikin lemo, ɗanyen salak, koren chutney da ya wuni a buɗe, da pani puri da ake tsoma wa cikin ruwan tsami a bakin titi, ta nan taifot da gudawa ke shiga. Hukumar Lafiya ta Duniya na gargaɗin kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye ba zafi ba sanyi, kuma shinkafa ta fi kowa laifi a nan, domin akwai ƙwayar cutar da ke tsira daga dahuwa ta hayayyafa in shinkafar ta huce, gubarta kuma ɗumame ba ya kashe ta. Shagon da ke cike da ma'aikata da tsakar rana, tukunya na ƙarewa ana sake ɗorawa, ya fi wanda ke da kyawawan kujeru ba kowa. In an yi rashin sa'a ciki ya ɓaci, a haɗa lita 1 ta ruwa mai tsabta da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa kurɓa. In akwai jini ko zazzaɓi, sai asibiti.

Masu jinya su ƙara lura. Mai ciwon sukari ya zaɓi roti na alkama a kan naan na farar fulawa, ya ce a kawo shayi ba sukari domin nasu tare ake dafa shi da sukarin, ya kuma kauce wa gulab jamun da ke iyo a ruwan zaƙi. Mai hawan jini ya bar achar da papad da ake ajiyewa kyauta a gefen faranti. Gishirinsu ya yi yawa ga wanda aka ce kada ya wuce giram 5 a yini.

Ladabin cin ba zai ba Bahaushe wahala ba, da hannun dama ake ci, kuma akwai wurin wanke hannu a kusurwa. Bambanci ɗaya ne mai girma. A Banikanni haɗa hannu a tire ɗaya zumunci ne, amma Indiyawa da yawa na ƙyamar abin da bakin wani ko hannun da yake ci da shi ya taɓa. Ba a sa hannu a kwanon miyar da aka kawo wa kowa, da cokali ake ɗiba a zuba a farantin kai. Wanda aljihunsa bai da nauyi ya nemi thali, babban faranti mai ƙananan kwanoni, kuɗinsa ƙayyadadde ne, a shagunan kudu ma ana ƙara shinkafa da miya har mutum ya ɗaga hannu. A Indiya za a ga harajin kashi 5 cikin ɗari a ƙasan takardar kuɗi, na gwamnati ne, ba cuwa-cuwa ba.

Saura abu biyu da ke jiran mutum bayan ya tashi daga tebur. A wasu garuruwa irin su Varanasi da Pushkar ana sayar da lassi da ake kira bhang ko "special", tabar wiwi ake niƙawa a ciki, kada ɗanɗanon nono ya ruɗi kowa. Sai kuma paan, ganyen da ake naɗe wani ɗan itace mai tauri a ciki a tauna bayan cin abinci. Mai cin goro zai ga kamar ya samu ɗan'uwa, amma hukumar binciken sankara ta duniya ta sa wannan ɗan itace a jerin abubuwan da ke haddasa sankarar baki, ko da ba a haɗa shi da taba ba. Ƙananan korayen ƙwayoyin saunf da ake ajiyewa a ɗan kwano kusa da mai karɓar kuɗi su ne ba su da illa, ana ɗiban kaɗan a tauna don ƙamshin baki, kuma kyauta ne.